Tukunyar Iya Tabawa

Da hantsi Nomau mahauci ya yi sallama daga zaure:
"Malama Uwale, yau ma ko rabin kilo babu?
Shekara biyu ina ajiye miki ƙashin miya,
karen Rafindadi har ya yi ƙiba da rabonki."
Na ce, "Gaishe min da karen, Nomau.
Ni tun asuba na daka daddawa."

Ba likita ne ya hana ni ba, ba malami ba,
halal ne, ban taɓa ce wa kowa haram ba.
Wata tafiya ce ta shige min tukunya ta zauna.
Shekarar da gulbi ya haɗiye Gidan Barmo,
mu tara muka hau bayan akori-kura, 'yan aikin sa kai,
da buhunan masara, da gidajen sauro, da rigar da ta yi min yawa.
Aka ba ni rajista in rubuta sunaye.
Kafin azahar biro ya ƙare, mutane ba su ƙare ba,
sai aka tura ni madafa, hannun Iya Tabawa.

Gidanta ya tafi, rumbunta ya bi shi.
Tunkiya ɗaya ta fito da ita, a wuya, ruwa har ƙirji.
Ran sha ɗaya aka ce manyan baƙi na tafe,
idanu suka juya turke gaba ɗaya.
Tsohuwa ta ɗora tafi a goshin dabbar:
"Wadda muka sha laka ɗaya da ita
ba ta zama ta yankawa."

Ta ja ni bayan makaranta, inda ruwa ya janye.
Tafasa, yaɗiya, lalo, rama mai jan ƙafa,
abin da nake takawa da takalmi
ita da sunansa take kiransa.
Ta murje ƙuli-ƙuli a gindin turmi,
gishiri ɗan yatsa uku, barkono, tsamiya.
Baƙin suka ci a tsaye, hula a karkace,
mai babbar rigar cikinsu ya miƙo kwano, a ƙara.
Tunkiya na gefe tana tuƙa, ba ruwanta da godewa.

Na je da hoton kaina a zuciya, mai bayarwa.
Kunya ta kama ni a hanyar dawowa.
Daga baya na yi Maraɗi, rabon magani,
na ci kwaɗon zogale a kan takardar siminti.
A Jos, sanyi na cizon kunne, wata Ladi ta koya min gwaten acca.
Ko'ina sai in sauke kwali biyu, uku,
in cika jaka da abin da ba a saya:
yadda ake ƙoshi da ɗan kaɗan, ba tare da rainawa.

Ba zan yi ƙarya ba, ran Layya ina shan wuya.
Ƙamshin suya na tsallako katanga ya same ni a ɗaki.
Jebu mai nono har yau tana tsayawa ƙofa,
in sayi furarta, in dama da kunun aya,
ta kama haɓa tana dubana.
Man shanu ne ƙarshen abin da na bari,
shi ne kuma har gobe nake kewa.

Yau taushe ce.
Albasa ta yi zinariya a man gyaɗa,
yakuwa ta saki tsaminta, attaruhu biyu, citta,
markaɗen gyaɗa ya ɗaure romon,
wuta ƙasa-ƙasa har ta narke, kabewa.

Na tuƙa tuwon dawa, na aika zaure da malmala biyu.
Da la'asar kwanon ya dawo fes,
yaron Nomau na sosa ƙeya:
"Wai Baba ya ce naman me kika sa?"

Ban san ko ta koma Gidan Barmo ba.
Ban san ko tunkiyar ta haihu ba.
Na ce, "Ka ce masa na Iya Tabawa."